Filin Masu Karatu: Gwanayen Gambarar Zamani da Waɗanda Ba Su Kwanta Mana Ba

Wasiƙun da suka iso teburina a wannan wata kusan dukansu a kan abu guda suka taru, wato waƙar hip hop, wadda a nan gida muka fi sani da gambarar zamani. Na zaɓi guda bakwai daga cikinsu, na taƙaita waɗanda suka yi tsawo. Duk inda na ambaci shekara ko wani abu da ya faru, to haka ya faru, amma inda na ce wane ya fi wane, ra'ayina ne, kuma kowa da kiwon da ya karɓe shi, wai maƙwabcin mai akuya ya sayi kura.

Tambaya: Malam, barka da aiki. A ɗakinmu na kwanan ɗalibai gardama ba ta ƙarewa. Wasu sun ce Tupac ne sarki, wasu sun ce Biggie, wasu kuma Jay-Z. Mun yanke shawarar mu kawo ƙara gabanka. Wane ne gwaninka, kuma da wane ma'auni ka auna shi?
Daga wani ɗalibi, Samaru, Zariya

Amsa: Ƙanena, na gode da kuka naɗa ni alƙali, sai dai ina tsoron hukuncin ba zai yi wa ko ɗayanku daɗi ba, domin gwanina ba ya cikin ukun da kuka jera. Gwanina shi ne Nas.

Bari in fara da ma'aunin, tun da shi ne ginshiƙin maganar. Ni da kunnen Bahaushe nake sauraron wannan waƙa, kunnen da ya tashi yana jin Shata da Narambaɗa da Ɗan Anace a rediyo. A wurinmu mawaƙi mai magana ne kafin ya zama mai murya, shi ya sa ba ka taɓa jin an yabi Shata da zaƙin maƙogwaro, ana yabonsa ne da azanci da iya sarrafa harshe da sanin halin mutane. Saboda haka abu uku nake tambaya game da kowane mawaƙin gambara: shin maganar da yake yi tasa ce, shin ya ga abin da yake faɗa da idonsa har zai iya sa ni ma in gan shi, kuma shin idan aka cire kiɗan aka bar baitocin tsirara a kan takarda za su iya tsayawa da ƙafarsu?

Sunan Nas na yanka Nasir Jones, an haife shi a 1973, shekarar da ake ɗauka a matsayin mafarin wannan waƙa, lokacin da DJ Kool Herc ya haɗa wani biki a unguwar Bronx ta birnin New York a ranar 11 ga Agusta. Ya tashi a Queensbridge, wani makeken rukunin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, ya bar makaranta tun bai gama sakandare ba, kuma yana ɗan shekara 20 ya fitar da kundinsa na farko, Illmatic, a watan Afrilun 1994. Waƙa goma ce kacal a ciki, duka-duka ba su cika minti 40 ba. Ni dai a wani shagon kaset a Sabon Garin Kano na sayi kwafinsa, shekaru kaɗan bayan fitowarsa, kuma abin da nake tunawa shi ne yadda nake zama da littafin rubutu mai shafi arba'in ina kunna layi ɗaya, in tsayar, in rubuta abin da kunnena ya kama, sannan in zare kaset ɗin in zura biro a raminsa in juya shi baya da hannu don kada batir ya ƙare. Turancina a lokacin na makaranta ne, rabin kalmomin ban san su ba, amma duk da haka ina ganin unguwar: matakalar bene mai duhu, yara a bakin titi, motar 'yan sanda tana zagaye. Akwai waƙa guda da ya tsara ta a matsayin wasiƙa zuwa ga abokinsa da ke kurkuku, yana ba shi labarin wanda aka harbe da wanda ya ci amana da halin da mahaifiyarsa take ciki. Babu ihu a cikinta, babu taƙama, labarin gida ne kawai irin wanda za ka rubuta wa ɗan'uwanka da ya yi nisa.

Daga baya ya yi waƙar da bindiga ce take magana da bakinta, tana ba da labarin hannayen da ta ratsa, ya kuma yi wata da ya faro labarin daga ƙarshe ya dawo da shi farko, baiti bayan baiti. Wannan aikin marubuci ne. Ba mamaki Jami'ar Harvard ta kafa wani tallafin karatu da sunansa a 2013, ko da yake masu ba da kyautar Grammy, babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka, sai a 2021 suka ga damar ba shi ta farko. Yana da aibi, kuma ba zan ɓoye shi ba: sau da yawa bai iya zaɓen kiɗa ba, kuma a ƙarshen shekarun 1990 ya yi ƙoƙarin bin kasuwa ya fitar da abin da bai kai matsayinsa ba.

Yanzu ga naku. Tupac shi ne mawaƙin zuciya, kuma na fahimci dalilin da ya sa hotonsa ya cika shagunan aski da bayan motocin haya daga Kano har Yamai. Mahaifiyarsa, Afeni Shakur, 'yar ƙungiyar Black Panther ce mai fafutukar 'yancin baƙar fata, shi kuma ya yi karatun wasan kwaikwayo a Baltimore, saboda haka ya gaji zafin magana kuma ya koyi yadda ake isar da ita. Ko wanda bai ji Turanci ba, in ya saurari waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa a 1995, zai san ɗa ne yake neman gafarar uwa. Amma ta fuskar saƙar baiti, Tupac bai kai Nas ba, bai ma kai Biggie ba, amsa-amonsa mai sauƙi ne kuma yakan maimaita kansa. Sannan mutum biyu ne a riga ɗaya: wanda ya yi wa mata waƙar ƙarfafa gwiwa shi ne kuma kotu ta samu da laifin cin zarafin wata mace a 1994.

Biggie kuwa, in ana maganar zuba baiti a kan kiɗa kamar ruwa yana gangara, ban san wanda ya fi shi ba. Matsalar ita ce kundi biyu kawai ya bari, na biyun ma ya fito ne kwana 16 bayan an harbe shi a Los Angeles a watan Maris na 1997, yana ɗan shekara 24. Jay-Z gwani ne kuma ɗan kasuwa, har mujallar Forbes ta bayyana shi a 2019 a matsayin mawaƙin gambara na farko da dukiyarsa ta kai dala biliyan ɗaya. Sai dai ina jin kamar abokanku da suka zaɓe shi lissafin aljihunsa suke yi, ni kuma kunne aka tambaye ni.

Tambaya: Assalamu alaikum. Kowa yana iya faɗin wanda yake so. Ni wanda ba ka so nake son ji, kuma don Allah kada ka yi mana kwana-kwana.
Daga wani ɗan kasuwa, Maraɗi

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba zan yi kwana-kwana ba: Tekashi 6ix9ine ne.

Sunansa Daniel Hernandez, ɗan Brooklyn, wanda ya rina gashinsa launi-launi ya cika fuskarsa da zane. Waƙarsa ihu ce zalla, kuma a cikin ma'aunai ukun da na ambata a sama babu ko ɗaya da ya tsallake. Ya jingina kansa da wata ƙungiyar 'yan daba ta New York don a ce shi ma tantiri ne, ya sa su a bidiyonsa, ya riƙa tsokanar sauran mawaƙa a intanet yana ƙalubalantarsu. Da jami'an tsaro suka kama shi a watan Nuwamban 2018, ya ga shekarun da ke jiransa a kurkuku sun kusa hamsin, sai ya juya ya zama shaidar gwamnati a kan mutanen da ya kira 'yan'uwansa, aka yanke masa shekara biyu, aka kuma sake shi a watan Afrilun 2020. Ba wai ina kare 'yan daba ba ne, wanda ya yi laifi a hukunta shi. Abin da ya dame ni shi ne mutum ya sayar wa yara da rayuwar da ba tasa ba, ya ci kuɗinsu a kanta, ranar da wuta ta kama kuma ya ce shi ɗan kallo ne. A kan wannan kuma akwai laifin da ya amsa da bakinsa a 2015, wanda ya shafi yarinya 'yar shekara 13. Wannan kaɗai ya ishe ni in rufe kunnena.

Akwai kuma wani rukuni da ya fi wannan wuyar sha'ani, wato gwanin da halinsa ya ɓata masa gwaninta. Kanye West ne babban misali. Kundinsa na farko na 2004 ya buɗe ƙofa ga mawaƙan da ba su da labarin bindiga, ya yi magana a kan makaranta da aikin albashi da addini, kuma a haɗa kiɗa yana cikin ƙwararrun zamaninsa. Amma mutumin da ya fito a 2018 ya ce bautar shekara 400 da aka yi wa kakanninsa kamar zaɓi ce, sannan a 2022 ya yi ta sakin kalaman ƙiyayya ga Yahudawa har kamfanin Adidas ya raba gari da shi, ya sa ni a tsaka mai wuya. Har yanzu tsofaffin waƙoƙinsa suna cikin wayata, sababbin kuwa na daina nema.

Tambaya: Ni uwa ce. Ɗana mai shekara 16 kullum abin sauraro yana toshe a kunnensa. Da na yi magana sai ya ce ai yawancin mawaƙan Musulmi ne, har suna ambaton Allah. Wanda ya fi so kuma wai shi Eminem. Gaskiya ne abin da ya faɗa, kuma wane irin mutum ne wannan ɗin?
Daga wata malamar makaranta, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Hajiya, Allah ya shirya mana zuri'a. Maganar ɗanki akwai gaskiya a cikinta, amma gaskiyar tana buƙatar tankaɗe.

Lallai akwai Musulmi a cikinsu. Yasiin Bey, wanda a da ake kira Mos Def, da Bisimilla ya buɗe kundinsa na 1999, kuma Lupe Fiasco na birnin Chicago, wanda sunansa Wasalu Muhammad Jaco, Musulmi ne da bai taɓa ɓoye addininsa ba. Su biyun suna cikin waɗanda nake girmamawa, domin suna da abin faɗa a kan zalunci da wariyar launin fata da yadda kasuwa take cinye talaka. Sai dai ba duk wanda ya ambaci sunan Allah a waƙar Amurka yake nufin abin da muke nufi ba. Akwai wata ƙungiya da ake kira Five Percent, wadda wani mai suna Clarence 13X ya kafa a unguwar Harlem a shekarun 1960 bayan ya ɓalle daga ƙungiyar Nation of Islam. Koyarwarta ita ce baƙin mutum shi kansa abin bauta ne, wa'iyazu billahi, kuma kalmominta sun shiga bakin mawaƙa da dama, ciki har da wasu 'yan Wu-Tang Clan da Brand Nubian. Yaro a Kaduna zai ji kalmar Larabci ya ɗauka ɗan'uwa ne yake magana, alhali aƙidar ta yi hannun riga da tauhidi.

Eminem kuwa ba Musulmi ba ne, kuma bai taɓa cewa shi Musulmi ne ba. Bature ne da ya tashi cikin talauci a Detroit, kuma in ana maganar sarrafa kalma, wato jera amsa-amo uku ko huɗu a cikin layi ɗaya ba tare da ma'ana ta karye ba, yana sahun gaba a duniya. Shi ne mawaƙin gambara na farko da waƙarsa ta ci kyautar Oscar, a 2003. Amma, Hajiya, ga abin da ya kamata ki sani: wannan mutum ya gina wani ɓangare na shahararsa a kan zagin mahaifiyarsa a bainar jama'a, har ta kai shi kotu a 1999 tana neman diyyar dala miliyan 10. Ya nemi afuwarta a wata waƙa a 2013, kuma ta rasu a ƙarshen 2024. Ni ina yaba basirarsa kamar yadda mutum yake yaba kaifin wuƙa, amma ba na iya zama in saurari ɗa yana tsine wa uwarsa, ko da wane irin gwaninta ya yi shi.

Shawarata ita ce kada ki ƙwace wayar, domin zai ara a wurin aboki. Ki zauna da shi ki ce ya fassara miki waƙa ɗaya da Hausa, kalma bayan kalma, yana kallon idonki. Inda ya kasa ɗaga kai, shi da kansa ya san amsar. Ki kuma lura da alamar gargaɗin iyaye mai launin baƙi da fari da ake sa wa a bangon kundi tun 1990, wadda a manhajojin sauraro take fitowa da harafin E a gefen sunan waƙa.

Tambaya: Tsakanin Kendrick Lamar da Drake, wa ya yi nasara?
Daga wata ɗaliba, Jos

Amsa: Ƙanwata, wanda ya garzaya kotu ai ya amsa miki. Sun yi musayar zambo a watannin Maris zuwa Mayun 2024, waƙar ƙarshe ta Kendrick ta ci Grammy biyar a watan Fabrairun 2025, ya kuma rera ta a filin wasan Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, a New Orleans mako guda bayan haka. Drake ya kai ƙarar kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsu duka biyu bisa zargin ɓata suna, alƙaliya ta kori ƙarar a watan Oktoban 2025. A al'adar zambo, tamu da tasu, baki ake mayar wa da baki.

Drake ya iya waƙar da za ta zauna a kunne, kuma mu 'yan Nijeriya ba za mu manta cewa waƙarsa da Wizkid ta hau matsayi na ɗaya a Amurka a 2016 ba. Amma tun 2015, da Meek Mill ya zarge shi da cewa wani ne yake rubuta masa wasu baitoci, ya faɗi a ma'aunina na farko. Kendrick, wanda ya karɓi Pulitzer, babbar kyautar Amurka ta rubutu da fasaha, a 2018, shi ne na biyu a wurina bayan Nas.

Tambaya: Malam, kullum Amurka, Amurka. Namu na gida fa? Ko ba ka ɗauke su mawaƙa ba ne?
Daga wani mai haɗa kiɗa, Bauci

Amsa: Ɗan'uwa, ka yi gaskiya, kuma na karɓi gyara. Tun da daga Bauci ka rubuto, bari in ce garinku ya yi wa gambarar Hausa hidima, domin ClassiQ da BOC Madaki duka naku ne. ClassiQ ya nuna cewa Hausa tana iya gudu a kan kiɗan zamani ba tare da ta yi tuntuɓe ba, BOC Madaki kuma shi ne wanda na fi komawa gare shi in ina son baitin da zan tauna. Morell daga Maiduguri yana da murya da salon da ke tsakanin rerawa da zubawa, DJ AB daga Kaduna kuma ya san yadda ake magana da matasa da harshen da suke yi a majalisa, da barkwanci da habaici. Kafin su akwai Ziriums a Kano, wanda ya yi waƙoƙin sukar takurawar da masu fasaha suka sha a ƙarshen shekarun 2000, a lokacin da faɗin haka yake da haɗari. Kada kuma a manta da cewa Eedris Abdulkareem, wanda waƙarsa ta 2004 a kan lalacewar ƙasa ta fusata Shugaba Obasanjo, a Kano aka haife shi, sannan M.I da Ice Prince a Jos suka tashi. A Nijar ma ƙungiyoyi irin su Kaidan Gaskia da Lakal Kaney da Wass-Wong sun daɗe suna gwama Hausa da Zabarmanci da Faransanci suna magana a kan rashin aiki da mulki. Tashar Arewa24 ta taimaka ƙwarai wajen kai wannan waƙa cikin gidaje, musamman ta shirye-shiryen da Nomiis Gee ya gabatar.

Amma tun da kai mai sana'ar ne, bari mu yi maganar cikin gida. Hausa harshe ne da kusan kowace kalma take ƙarewa da wasali, saboda haka amsa-amon ƙarshen layi ba gwaninta ba ce a wurinmu, yaro ma zai jera maka kalmomi ashirin masu ƙarewa da sauti ɗaya kafin ka sha ruwa. Gwanintar tana cikin karin sauti da tsawon wasali, wato mawaƙi ya hau kiɗa ba tare da ya murɗe kalma ta koma wata kalmar ba, sannan tana cikin amsa-amon ciki da wasa da ma'ana biyu. Wanda yake son ya ga yadda ake wannan, ya koma ga rubutattun waƙoƙin Aƙilu Aliyu, zai tarar cewa abin da Amurkawa suke yaba wa mawaƙin gambararsu Rakim a kai tun 1987 akwai irinsa a gidanmu. Ya kuma saurari yadda Ɗan Anace yake kirarin 'yan dambe, zai ga taƙama da zuga da tsoratar da abokin karawa, duk abin da ake kira sabo.

Waɗanda ba na so a gida ba zan kama suna ba, domin yawancinsu yara ne masu tasowa kuma gobe suna iya gyarawa. Siffarsu dai ɗaya ce: yaron da bai taɓa wuce Kwanar Dangora ba yana lanƙwasa harshe kamar ɗan Atlanta, yana waƙar bindiga da kwalabe da motocin da ya aro don bidiyo, alhali a unguwarsu akwai layin jarkoki a bakin famfo, akwai wanda ya gama digiri yana tuƙa adaidaita sahu, akwai 'yan gudun hijira a kangon makaranta. Labari yana ƙofar gidansa, shi kuma ya tafi aro a ƙetare.

Tambaya: Na lura duk lokacin da maza suka jera gwanaye ba sa sa mace ko ɗaya. Kai ma haka ne?
Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zinder

Amsa: Malama, a cikin biyar ɗina na farko akwai Lauryn Hill, kuma ba don in faranta miki na faɗa ba. Ta fito ne daga ƙungiyar Fugees, inda ta fi mazan biyu da suke tare da ita iya baiti, sannan kundinta na 1998 ya ci Grammy biyar a dare ɗaya, ciki har da kyautar kundin shekara, wadda kafin nan babu kundin gambara da ya taɓa samu. Tana rerawa tana zubawa, kuma ta yi magana a kan haihuwa da mutuncin mace da yaudarar masoyi da nutsuwar da ba a saba ji ba a wannan fage. Abin takaici shi ne kundin studiyo ɗaya tilo ta yi ita kaɗai, ta kuma yi ƙaurin suna wajen makara a wuraren wasa, har ta yi zaman kurkuku na wata uku a 2013 saboda haraji. Queen Latifah da Missy Elliott ma sun cancanci a tsaya a kansu, ta biyun ita ce mace ta farko mai gambara da aka shigar zauren karramawa na Rock and Roll a 2023. Nicki Minaj ta iya baiti fiye da yadda masu sukarta suke yarda, amma ita da Cardi B sun dogara da batsa fiye da abin da kunnena zai ɗauka, kuma wannan hukuncin shi nake yi wa mazan da suke yin haka, waɗanda sun fi su yawa nesa ba kusa ba.

Tambaya: Mai askinmu ya rantse cewa Tupac yana raye a Kuba. Mun ce mu tambaye ka.
Daga wani matashi, Zangon Kumasi, Gana

Amsa: Ɗan'uwa, ka gaishe mini da mai askin, ka kuma ce masa ya yi kaffarar rantsuwa. An harbi Tupac a daren 7 ga Satumban 1996 a Las Vegas, bayan ya fito daga kallon damben Mike Tyson, yana zaune a gaban mota kusa da Suge Knight, shugaban Death Row, kamfanin da ke fitar da waƙoƙinsa. Ya yi kwana shida a asibiti, ya cika a ranar 13 ga wata yana ɗan shekara 25, kuma aka ƙona gawarsa.

Jita-jitar tana da saiwa, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Kundin da ya fito wata biyu bayan rasuwarsa da laƙabin Makaveli ya fito, sunan da ya aro daga Machiavelli, marubucin siyasa na Italiya, sai mutane suka yi ta yaɗa cewa ai dabarar ɓad da sawu ya koya a wurinsa. Ya kuma bar ɗimbin waƙoƙin da ya naɗa bai fitar ba, aka yi shekaru ana sakin sababbin kundaye da muryarsa, wanda hakan ya sa wasu suka ce ai matacce ba ya shiga studiyo. Batun Kuba kuwa ya samo asali ne daga Assata Shakur, 'yar gwagwarmayar da take da alaƙa ta kusa da gidansu, wadda ta tsere daga kurkukun Amurka ta samu mafaka a can a shekarun 1980.

A watan Satumban 2023, shekara 27 bayan kisan, 'yan sandan Las Vegas suka kama Duane Davis, wanda ake kira Keffe D, aka tuhume shi da laifin kisan kai. Shi da kansa ya sha faɗa a hirarraki cewa yana cikin farar motar da aka yi harbin daga cikinta, kuma ɗan ɗan'uwansa, Orlando Anderson, shi ne wanda Tupac da mutanensa suka lakaɗa wa duka a harabar otal sa'o'i kaɗan kafin harbin. A gaban kotu dai Davis ya musanta tuhumar. Hoton da ke bangon shagon mai askin naku kuwa ya bar shi inda yake, ni ma a ƙarƙashin irinsa aka yi mini aski shekara da shekaru.